Karam Din, Wanda Ya Ara wa Abokinsa Murya

Shekara talatin da huɗu ke nan, duk wanda ya bi ta layin maƙera na Kot Shadman da hantsi zai ga Karam Din yana ɗaura akwatinsa a bayan keke. A cikin akwatin akwai ɓawon kwakwa biyu, da tsohon almakashi, da buta, da wani ɗan ƙyaure da bai taɓa yarda a ɗiga masa mai ba. Ya tsaya wurin mai gurasa ya sha shayi da madara a tsaye, ya miƙe sai gidan rediyon lardi. Aikinsa shi ne yin ƙara. In ka ji keken doki ya shigo kasuwa a cikin wasa, ɓawon kwakwarsa ne. In jaki ya yi kuka, bakinsa ne. Ba a taɓa karanta sunansa a ƙarshen shiri ba. Iyakar abin da muka sani game da shi ke nan, har ranar Asabar da ta wuce, da aka yi taron sallamarsa.

Har yanzu garin bai dawo daidai ba.

Wanda ya girma a nan ya san "Rumfar Aski". Kowace Juma'a bayan la'asar kasuwa takan tsaya cak, a zagaye rediyo a ji Gullu wanzami da Fattu mai shayi suna tsiya. Barkat Ali ne Gullu, Nazir Husaini ne Fattu, kuma abokai ne tun suna wasan ƙasa.

"Fattu, wannan shayi ne ko ruwan da ka ɗauraye kofi?"

"Kai da ka aske wa liman gira ɗaya, har kana da bakin magana?"

Kai tsaye ake watsa shirin, ba a naɗa. A shekarar 1974 Nazir ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi, ko sallama sai da ƙyar. Amma Juma'a ba ta taɓa wucewa ba mu ji Fattu ba. Sai muka shiga fassara. Masu shayi suka ce rowar murya yake yi, yana adana ta don rediyo. Tsofaffi suka ce baiwa ce, da ya tsaya gaban abin magana harshen yakan kwance. Wani likita ma ya taɓa yi mana bayani mai tsawo, muka gyaɗa kai. Shekara goma sha biyar muna kan wannan.

Ranar Asabar aka taru a farfajiyar gidan rediyo. An yi jawabai, an rataya wa Karam Din furanni a wuya, shi kuma ya zame ya koma baya yana taya masu raba shayi. Nazir na zaune a gaba, 'yarsa Parwin na riƙe da shi. Sai ya ɗaga allon da yake rubutu da alli ya nuna wa Barkat. Barkat ya karanta, ya dubi Nazir. Can ya miƙe, ya gyara murya irin ta Gullu.

"Fattu! Ina shayin da na ce ka kawo tun jiya?"

Duk muka zuba wa Nazir ido. Bakinsa a rufe yake. Barkat ya sake kira. Sai amsa ta fito daga bayanmu:

"Yana kan wuta. Ka gama yanka kunnen mutumin nan tukuna."

Fattu ne, babu ko tantama. Muka waiwaya, sai ga Karam Din da buta a hannu, kansa a sunkuye. Wata tsohuwa ta saki kofinta ya fashe. Shugaban gidan rediyon, wanda ya yi shekara shida yana wannan kujera, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Babu wanda ya yi dariya.

Barkat ne ya ba da labarin, kamar yadda Nazir ya nema a allon. Ya ce ciwon ya kama Nazir ne ana tsakiyar shiri. Ya jefa masa magana, ya ga bakinsa ya karkace, takarda ta faɗi daga hannunsa. Lardi duka na saurare, har da mahaifiyar Nazir. Kafin ya san abin yi, Karam Din ya tare Nazir da kafaɗa, ya miƙa wuya ga abin magana ya amsa da muryar Fattu, ya ce madara ta ƙone bari ya je ya duba. Barkat ya rufe shirin a gurguje, suka ɗauke shi sai asibiti.

Makonni shida Karam Din ya riƙe gurbin, a kan Nazir zai warke. Bai warke ba. Ya koma gida ya juya wa bango fuska, ya daina cin abinci. Barkat ya ce ran nan suka je dubiya, Karam Din ya ajiye allo da alli a kan gadon ya ce:

"Yaya Nazir, murya kam ina iya kwaikwaya, amma ban iya tsiya ba. Jiya na yi wasa ko injiniya bai murmusa ba. In ba ka rubuta mini ba, Fattu ya mutu."

Nazir ya jawo allon da hannun hagu ya rubuta kalma ɗaya: "Jaki." Karam Din ya ce, "Shi ma ni nake yi." Ranar ce Nazir ya fara cin abinci.

Tun daga nan, kowace Juma'a Karam Din yakan ɗauko shi a keke. In aka rufe ƙofar ɗakin watsa shiri sai su yi musanya. Nazir ya zauna gaban akwati yana kaɗa almakashi da hannunsa mai lafiya, Karam Din ya tsaya a gurbinsa yana karanta abin da Nazir ya rubuta. Su uku da injiniya kaɗai suka sani. A ƙarshe a karanta sunan Nazir Husaini, wasiƙun yabo su zo da sunansa, Karam Din ya ɗauko su ya kai masa har gida.

Parwin ce ta fara magana.

"Baffa Karam, ina 'yar shekara tara Baba ya daina magana. Kowace Juma'a nakan manna kunne a rediyo don in ji muryarsa. Ashe muryar wa nake ji?"

Karam Din ya ajiye butar.

"Tawa ce, 'yata. Ki yafe mini. Amma wallahi tun da ya fara rubuta mini ban taɓa ƙara kalma ɗaya tawa ba. Duk abin da ya ba ki dariya, babanki ne ya faɗa."

Nazir ya goge allonsa ya yi rubutu, ya yafito Karam Din. Shi kuma ya karanta, ya share ido da gefen rawani, ya faɗa da muryar Fattu:

"Parwin, shekara goma sha biyar ina son in gaya miki: gishirin miyarki ya yi yawa."

Ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta durƙusa ta rungume ubanta. Sai a lokacin sauranmu muka samu numfashi.

Karam Din, kai ne ka riƙe muryar da ta fi kowace farin jini a lardin nan, ka bar mu muna wuce ka a hanya ko gaisuwar kirki babu. Kai ne ka ji ana tafa wa wani sau ɗari bakwai da ɗoriya, kana naɗe kayanka. Da ka so, rana ɗaya ta isa ka ce ga ni, kuma babu mai ganin laifinka. Ka zaɓi abokinka ya tashi daga gado. Mai ɗaukar nauyi ba a ji nishinsa ba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ku tare ku uku.

Ku kuma masu karatu, ba kowa ne zai iya aron murya ba, amma kowa yana da wani da ya juya wa bango fuska. Ku je ku same shi, ku nuna masa aikin da ba zai yiwu ba sai da shi.

Jiya na haɗu da Karam Din a kasuwa, mutane sun kewaye shi, kowa na roƙon ya yi musu Fattu ko sau ɗaya. Ya ƙi. Ya ce shi bai san abin da zai faɗa ba, su je su tambayi Nazir.