Wadda Ta Toshe Kunnen Ma'aikata da Auduga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, Allah ya karɓi ran Sitt Nahida Abdul-Zahra, wadda muke kira Ummu Wisam, mai horar da ma'aikata a ofishin da ke duba haƙƙin nakasassun tsofaffin sojoji a nan Basra. 'Yata ce ta faɗa mini da ƙarfi, ban ji ba, sai da ta juyo na karanta a leɓenta. Igwa ce ta cinye mini kunnuwa a fagen daga tun ina saurayi.

Ummu Wisam, kin san yadda kika tarar da mu. Kurame cike da zaure, mun zo neman haƙƙin kurumtarmu, ana kiran sunayenmu da lasifika. Wanda bai amsa ba a rubuta masa "bai zo ba", alhali ga shi a kan benci ya zuba wa taga ido. Idan aka rubuta wa mutum haka sau uku, an rufe fayil ɗinsa, sai ya koma farko, kuma farkon nan shekaru ne. Ni an riga an rubuta mini biyu kafin zuwanki. Kin yi iya yinki a goge su, na sama suka ƙi.

Abin da ke hannunki kuwa kin yi shi. Duk sababbin ma'aikata sai kin cusa musu auduga a kunne, kin zaunar da su a cikinmu, kin sa an kira su. Na ga samari masu digiri suna rarraba ido kamar baƙin tumaki a kasuwa, mu kuma muna ta dariya, wadda mun daɗe ba mu yi ba. Kika kafa doka: kafin a rubuta mutum bai zo ba, sai ma'aikaci ya fito da ƙafarsa ya bi benci-benci. Da wani mai suna Lu'ay ya yi ƙyuya, ba ki yi masa faɗa ba. Kika sa shi ya hau mota har garin Zubair da tsakar rana, ya ba tsohon da ya rubuta wa "bai zo ba" haƙuri a gaban iyalinsa. Yau babu mai kula da mu kamar Lu'ay.

Na gaji, Ummu Wisam. Na gaji da benci, na gaji da nuna wa likitoci kunnen da suka riga suka sani. Ke kika hana ni daina zuwa, kika yi ta bi har aka sa mini ranar ganin kwamitin likitoci. Sai ranar ta faɗo Laraba, ranar da za a kai ki birnin Najaf a binne ki.

A maƙabarta Lu'ay ya hango ni. Ya kamo kafaɗata, ya kawo fuskarsa daidai idona.

"Baffa Abu Sattar! Me kake yi a nan? Yau ce fa ranarka!"

"To kai me kake yi a nan? Wa ka bar wa tagar?"

"Wani sabo ne. Ba ta kai ga horar da shi ba. Haba Baffa, da ka tsaya, wallahi ba za ta ji haushi ba."

"Yaro, rufe mini baki ka matso mu ɗauki gawa."

An rubuta mini na ukun, an rufe fayil ɗin. Ba ni da ƙarfin komawa farko, kuma ban yi nadama ba. Wannan karon dai gaskiya suka rubuta, ban zo ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da abin da mu muka kasa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Wisam da ƙannensa, da dangi baki ɗaya, da 'yan uwana na kan benci, waɗanda na san har yanzu akwai wanda labarin bai shiga kunnensa ba. Allah ya ba mu haƙuri.