Ƙeyar Da Ta Tona Mini Asiri

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da ranar da ƙanena ya kama ni da munafunci ta hanyar duban ƙeyata kawai. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai haushi ya taso mini sabo fil: haushin mutanen garinmu, da haushin kaina wanda ya fi ci mini rai.

Mu gidan wanzamai ne, a wani ƙauye kusa da Allakaye. Ni aka sa lakwal har na zama malamin makaranta, kowa na kirana Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, har Innarmu. Ƙanena shi ya gaji zabirar Baba, jakar nan ta fata da ake zuba asake da ƙaho, kuma hannunsa ya fi na Baba sanyi, don tsofaffi har gyangyaɗi suke yana musu aski. Wata shekara bayan kaka taɓin hankali ya same shi. Ya daina barci, yana jin muryoyin da mu ba ma ji, yana cewa ana bin sa. Bai taɓa dukan kowa ba, bai zare wa kowa aska ba, shi kansa tsoro ne ya cika shi. Muka yi ta rubutu da hayaƙi har muka gaji, daga baya na ɗauke shi zuwa asibiti a Tahoua, ya yi kusan wata biyu.

Ranar sallama likita ya zaunar da ni ya ce magani kullum ne, kada a tsallake ko da an ga ya samu sauƙi, kuma kowane wata in je Bouza in karɓo wani. Sannan ya ja mini kunne: kada mu ajiye shi a ɗaki kamar buhu, a bar shi ya koma sana'arsa sannu a hankali. Na ce, "To," da ƙarfina. A zuciyata na ce ai wannan shi ne mai sauƙin.

Ashe ban san garinmu ba. Tun ranar da muka iso aka fara tururuwar barka, amma wace irin barka! Kowa ya shigo sai ya tsuguna nesa, kusa da ƙofa, ya ɗaga murya kamar yana magana da kurma: "Ka gane ni? Wa na ni?" Mutumin da ya yi shekaru yana aske musu kai, ya san kowane tabo da ke ƙarƙashin hularsu, shi ake tambaya ko ya gane su. Yakan amsa a hankali, ya faɗi sunan mutum da na ubansa, sai a juyo a ce mini, "Kai, walle ya gane ni!" Wata tsohuwa har tambayarsa ta yi yatsu nawa ta ɗaga. Ranar na kusa korar baƙi da tsintsiya.

A cikin gida ma ba ta canza zane ba. Wuƙaƙe suka ɓace ƙaf, har wuƙar yankan kuɓewa. In an samu nama sai a kawo masa nasa a yayyanke kamar na ɗan yaye. Makonnin farko hannunsa na ɗan rawa saboda maganin, muka koma wurin likita ya gyara masa, rawar ta tsaya, har shi ke zura wa Inna zare a allura. Da ya ga haka sai ya tambayi zabirarsa. Inna ta dubi ƙasa ta ce ita ba ta san inda ta shiga ba. Ni kuwa na san tana cikin rumbu, ƙarƙashin dammunan hatsi, don a gabana aka jefa ta.

Ni fa a lokacin ban da aiki sai wa'azi. Majalisar bayan la'asar ta gaji da ni. Mutanen da ƙanena ke yi wa aski sun koma hawa babur su tafi kasuwa a yi musu da inji, wasu kuma sun bar gashi ya taru kamar na 'yan bori. Nakan tsaya in wanke su tas, in ce likita da bakinsa ya ce ya koma aiki, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, jahilci ne kawai ke damun su. Kawunmu, wanda ba a raba shi da tasbaha da tsoro, yakan ce, "Mushe, ba ƙin shi mukai ba. Amma wuya guda ɗai Allah ya ba ni, ban da na canji." A yi dariya, ni kuma in tashi ina huci.

Haka aka yi wata uku. Ƙanena ya koma zaman zaure, daga tabarma sai tabarma, magana ma ta ragu. Wata ranar Alhamis da safe na miƙa masa ƙwayarsa da ruwa kamar kullum, sai ya ajiye ta a gefen tabarma ya ce ya gama sha. Gabana ya faɗi, don likita ya gaya mini abin da ke biyo bayan barin magani, kuma na riga na ga ciwon da idona sau ɗaya. Na fara zuba masa irin jawabina na majalisa. Ya bar ni na yi har na gaji, sannan ya ce, "Yaya, maganin ga na maido min da hankali don in zauna in ga yadda kuka gudu na. Mi na amfaninai?"

Na ce ya rabu da mutanen gari, ai ni ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Na sunkuya zan ɗauki ƙwayar, hulata ta ɗan zame. Sai na ji ya ce, "Wa yay yi ma wanga aski?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Aikin inji na. Ga layi nan bisa ƙeyakka, ya karkace wajen hagu. Sau ukku ke nan ina ganin shi, duk ran da kat tahi Bouza amso min magani." Bai ɗaga murya ba, bai ko ɓata fuska ba. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ce tsagwaronta: duk wata in na karɓo maganin sai in ratsa wurin wani mai inji a bakin tasha, a yi mini maza-maza, in danna hula har kunne, in dawo gida in ci gaba da kiran mutane matsorata. Wai ni a wautata zan ɓoye aski ga wanzami!

Washegari Juma'a, da hantsi, na jingina tsani na haura rumbu. Inna ta biyo ni tana salati. "Mushe, kai da anka ce ka yi karatu! In wani abu ya hwaru mi za ni ce ma mutane?" Na ce ta ce musu ni na ɗauko. Na fito ƙura har gira, na kai zabirar zaure na ajiye gaban ƙanena. Na ce ya sha maganinsa, sannan ya same ni gindin itacen bedin ƙofar gida, kan nan nawa ya kwashe abin da inji ya bari, ya gyara mini gemu. Ya ɗauki ƙwayar ya haɗiye.

Kafin ya gama wasa aska labari ya zagaye gari. Mutanen da ba sa zuwa gayya sai an bi su gida-gida, ga su sun cika hanya, amma kowa ya tsaya inda zai iya rugawa. Kawu na can bayan garka yana jan tasbaha kamar an ce masa jana'iza za a yi. Ni kuma na zauna a kan turmi ina yi musu kallon raini. Da ruwan sanyi ya taɓa kaina, askar ta fara tafiya, sai na ji gwiwoyina na kaɗawa, na dafe su suka ƙi tsayawa. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Yaya, tsaya wuri guda. Kai ka makyarkyata, ba ni ba. In ka sa na yanke ka, ni za a ce."

Bai rufe baki ba, ya ɗaga haɓata zai sauko wajen maƙogwaro, sai wata mata a cikin taron ta ƙwalla, "Wayyo, ga shi ga wuya!" Na zabura. Askar ta ɗan shafe ni ƙarƙashin kunne, yankan da bai fi na ƙaya ba, wanda ko Baba ya sha yi mini ina yaro. Amma jini ya fito, kuma taron ya ɗauka gaba ɗaya, wasu har sun fara ja da baya. Ƙanena ya sandare, aska a hannu, fuskarsa ta koma irin ta ranar da na kai shi asibiti. A nan ne haushi ya kori tsorona. Na miƙe na ce da matar in ta sake buɗe baki ita za ta biyo layi, na gaya wa taron cewa ni na motsa kuma kowa ya gani. Na koma na zauna, na ɗaga haɓa da kaina na ce, "Ƙarasa aikinka, za ni masallaci." Ya danna wurin da ɗan yatsa har jinin ya tsaya, ya ƙarasa, sumul.

Ina kakkaɓe riga sai ga wani makiyayi baƙo, ya biyo da shanunsa zai wuce wajen Karofane. Bai san komai ba, ya dai ga wanzami na aiki. Ya jingine sandarsa, ya kwance rawani, ya zauna a turmin. Kawu ya lallaɓo yana yi masa raɗa. Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Wanga da anka ma yanzu, ba ga kainai nan bisa wuyanai ba?" Ya rufe ido ya miƙa kai.

Kada ku ɗauka daga ranar gari ya shiryu. Ina! Wasu sai da suka shekara, wasu har yau babur suke hawa. Askin jarirai ranar suna an daɗe ba a kira shi ba. Ciwon ma ya taɓa motsawa sau ɗaya, muka koma wurin likita da wuri, ya huta makonni ya dawo bakin aiki. Amma bai sake ajiye ƙwayarsa a gefen tabarma ba, shi ma ke tuna mini ranar zuwa Bouza.

Abin da na koya shi ne, asibiti na iya dawo wa mutum da hankalinsa, amma dalilin riƙe hankalin a hannun mutanen gida yake. Kuma wanda ya fito daga wannan ciwo ba bakinka yake saurare ba, abin da kake yi yake kallo, yana kuma gani fiye da yadda kake zato. Na yi wata uku ina kare ƙanena da baki a majalisa, ba su tsinana masa komai ba. Abin da yake jira tun farko shi ne mutum ɗaya daga cikin jininsa ya zauna a gabansa ya ɗaga masa haɓa, kuma ni da ke kiran kaina gatansa sai da ya kusa komawa cikin ciwon kafin na iya.