Kaset ɗin Malama Hassu a zauren mahaifinta

Har na aje aiki ban manta da ranar da anka aike ni Wurno da kaset a aljihu ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a gidan rediyo, ba a daɗe da fara noman rani da ruwan dam ɗin Goronyo ba.

Mun je Goronyo ɗaukar muryoyin manoman albasa, sai matan wurin sunka ce lalle mu ji Malama Hassu. Waƙoƙinta sun bazu har Rabah, mata na rera su wajen daka. Ba ta yabon kowa, asirin kanta take tonawa. Munka same ta, munka ɗauki muryarta a kaset. Waƙar da ta rera mana a kan taɓin hankalin da ya same ta ne bayan rasuwar ɗanta na fari, da yadda mahaifinta, wani limami a Wurno, ya kulle ta a ɗaki wata bakwai don kada a sani.

A ƙa'idarmu, ba a watsa abin da ya taɓa mutum mai rai sai an ji ta bakinsa. Shugaban sashenmu ya ce, "Gidan malamai ne tun kakanni. In Liman bai yarda ba, ka goge."

Na iske Liman a zaure, tsoho mai raunin gani. Na durƙusa na yi bayani, na kunna. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, mi za mu yi?"

Ya ce, "Maido wurin da tac ce ta kira ni ban amsa ba."

Na maido. Ya ce, "Ina bakin ƙohwar. Na jiya, kunyar mutane ta hana ni. Gaskiya ɗiyata ta hwaɗi." Ya ƙara da cewa, "Ni na koya mata ajami, kakarta ma waƙa take yi. Amma baiti na tara ya karye. Ta gyara, ta taho ta karanta mani da bakinta, kana ku watsa."

Shekara shida ba ta taka gidan ba. Ranar Juma'a na kai ta a motar ofis, na jira a waje. Sai bayan la'asar ta fito, idanunta jajur, tana dariya, wai sun yi ta gardama a kan baitin, ita ta yi nasara. Ranar Lahadi munka watsa waƙar yadda take.

Shi ya sa nake gaya muku, ku ƙananan ma'aikata, kada ku yanke wa mutum hukunci kuna zaune a ofis. Ku taka ku same shi. Wani da kuke tsoron zai hana, ya daɗe yana jiran a kawo masa maganar.