Jar Dawa a Cikin Ƙarfen Keke

Shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, kakata Iya Hajo ba ta fasa yi mana tatsuniya ba. Cewa take in ciki ya kwana wayam, bai kamata kunne ma ya kwana haka ba. Da an idar da isha'i sai ta hura busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta, a ƙauyenmu na arewa da Mayahi, mu kewaye ta muna sosa ƙafa.

Babanmu ba ya gida a lokacin. Tun farkon yunwar ya hau kekensa ya yi kudu neman hatsi, siririn keken tsere mai kai kamar ƙahon rago, wanda ya saya hannun wani malamin lakwal, wato makarantar boko. Bai daɗe da tafiya ba aka fara raɗe-raɗin an buɗe wa masu ketowa da hatsi wuta a bakin iyaka. Zamanin soja ne, wa ya isa ya je tambaya? Mai tambaya ma sai a nemi nasa labarin.

Har watanni suka shige. Ran nan ƙanin babanmu, Baffa Sani, ya dawo daga kasuwar Mayahi ɗauke da gangar jikin keke a kafaɗa, ba ƙafafu, ba sarƙa, ba sirdi. Ya ajiye ta gaban wutar. An shafe ta da baƙin fenti, an cire tambarin goshi, lambar da ke ƙasa kuma an goge ta da magagari. Ya kankare fentin da wuƙa: ƙarƙashin baƙi kore, ƙarƙashin kore ruwan azurfa irin na asali.

"Iya, koren nan da hannunshi ya shafa shi, ina tsaye," in ji Baffa. "Na yi magana da liman. Ya ce in dai nashi ne, shaida ta cika, gobe Rabi ta shiga takaba."

Rabi ita ce mahaifiyata. Tana tsaye bakin danga, wallahi ban taɓa ganin mutum ya sandare haka ba.

Iya Hajo ba ta kama sunan babanmu, ɗan fari ne. Ta ce, "Koren keke nawa ke ƙasar nan? Kai dai gaggawa gare ka kamar zawo. Miƙo mani." Ta ɗora ƙarfen a cinya, ta dube mu. "Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

Muka amsa da ƙyar. Kai, tatsuniya a wannan hali!

Ta ce wata tsohuwa ce ba ta haihu ba, sai ta riƙi kunkuru da maciji a matsayin 'ya'ya. Fari ya zo, duka biyu suka tafi nemo mata abinci. Bayan an jima maƙwabci ya shigo da abu ƙunshe a tsumma, yana salati, wai ga abin da ya rage na ɗanta. Mata suka ɗora hannu a ka. Tsohuwa ta ce ku dakata, a kwance mu gani. In ƙoƙon kunkuru ne, to a yi kuka, don kunkuru ba ya fita ƙoƙonsa da rai. In kuwa saɓar maciji ce, mai ita yana can gaba da sabuwar riga.

Tana magana yatsunta na bin ƙarfen, gaɓa bayan gaɓa. Da ta karkata shi sai muka ji wani abu ya yi shuu a ciki. Labarin ya tsaya nan. Ta sa tsinke a bututun da sirdi ke shiga, ta zaƙulo tsumma ɗaure da igiyar kaba, ta kai kusa da wuta.

"Sani, dubi tufkar nan. Ina ta karkata?"

"Hagu, Iya."

"Bahago nawa na haifa?"

Mahaifiyata ta saki ƙara. Nashi ne ke nan. Amma Iya ta daka mata tsawa, ta kife ƙarfen a faifai. Hatsi ya zubo, cikin tafi biyu, jar dawa mai ƙananan ƙwaya, irin ta taimako da manyan motoci suka kawo.

"Yaushe aka fara rabon wagga dawa?"

"Bayan sallar layya."

"Harbin da ake faɗi fa?"

"Tun kafin azumi."

"To matacce ke ɗaurin kaba? Saɓa ce, ba ƙoƙo ba. Rabi, share idonki, ba takabar da za ki yi mani a gida."

Baffa ya leƙa waje, don a lokacin in aka ga dawar taimako a ɓoye, sai mutum ya yi bayani gaban jandarma. Iya ta sa aka daka ta a hankali, aka dama kunu, kowa ya samu kurɓi. Ita ba ta sha ba, wai ba ta jin yunwa. Na kwanta cike da murna, ina jiran Baba gobe ko jibi.

Bai dawo ba. Sai da na yi aure, wata shekarar ƙarancin abinci ta same ni da 'ya'yana, na ga kaina ina tsince ƙwayar gero ɗaya ɗaya daga cikin rairayi, sannan abin ya faɗo mani. Mai rai da ya sayar da kekensa don kansa, a irin waccan yunwa, ba zai bar tafi biyu na dawa a ciki ba, sai dai in mutuwa ce ta raba shi da keken. Iya Hajo ta fi ni sanin haka nesa ba kusa ba. Ta ba mu rabin gaskiyar da za mu iya ɗauka har damina ta sauka, sauran rabin ta riƙe ita kaɗai, tana kallonmu muna lashe ƙwarya.