Ranar da Aka Jefe Kwamitinmu a Bayan Kwata

Edita, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya rubuto muku ita. Lokacin da abin ya faru ni malama ce mai koyar da ilimin sinadarai a jami'a a Samaru, ban jima da zama dakta ba, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. A Sabon Gari aka haife ni, mahaifina malamin coci ne, mahaifiyata kuwa tana da teburin kayan miya, don haka babu wanda bai san ko ni 'yar wane ce ba. Sai ga shi an saka ni cikin wani kwamitin masana da ke ba gwamnati shawara kan binciken makamashi, wato mu ne za mu ce wane aiki za a ci gaba da shi, wane za a gyara, wane za a rufe. Ni ce ƙarama a cikinsu, ni ce kuma kaɗai 'yar gari. Har tafiyata sai da ta canza.

Shugabanmu wani dattijon farfesa ne daga Kudu, shi ya koyar da ni, 'yata yake kirana, ni kuma in ce masa Baba. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin lemo ba. Mutum ne mai tsantseni har ya kan ba ni haushi. Dokoki biyu ya kafa mana: ba ma sanar da ranar da za mu ziyarci wuri, don kada a share a shafa fenti a yaudare mu, kuma babu ɗan kwamitin da zai faɗa wa kowa abin da muka gano sai an gama gwaji an miƙa rahoto. A cikin ofis mai sanyi, dokokin nan sun yi mini kyau ƙwarai.

Ɗaya daga ayyukan da aka ce mu duba wani ramin siminti ne a bayan wata kwata, wajejen Chikaji. Ana zuba kashin tumbi da jini a ciki, su ruɓe su ba da iskar gas, don mahauta su riƙa babbake kai da ƙafa da ita a maimakon ƙona taya. Abu mai kyau. Amma kafin zuwanmu ramin ya toshe, wani matashin mahauci ya sauka ya gyara, aka ciro gawarsa ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Nan take magana ta bazu cewa gubar nukiliya ce aka kwaso daga cibiyar binciken nukiliya ta Samaru aka binne wa talakawa. Mahaifiyata ce ta kawo mini labarin, ta ce in dai za mu je, mu fara zuwa wajen mai unguwa da sarkin fawa, mu yi wa dangin mamacin ta'aziyya. Na ce mata ba haka kwamiti ke aiki ba. Ko a zamanmu na kwamiti ban tayar da zancen ba, don kada a ce 'yar Sabon Gari ta kawo mana ƙauyanci.

Da hantsi muka isa, kwata a cike maƙil, a cikin farar bas mai lambar gwamnati. Ku dubi wautarmu: muka sauko sanye da fararen riguna har ƙasa da takunkumi a fuska, ba sallama, ba gaisuwa, muka wuce kai tsaye bayan kwata. Wani daga cikinmu ya miƙa na'urar auna iska bakin ramin, ita kuwa ta kama ƙara kamar motar asibiti. Kafin mu ɗago kai an kewaye mu, mahauta da 'yan acaɓa da mata masu sayen nama. Yayan mamacin ya ratso ta cikinsu, wuƙar aiki na hannunsa, idonsa jawur. Bai kula kowa ba sai ni, don na sauke takunkumina.

Ya ce, "Ke 'yar Malam, ke muka sani. Me ya kashe ƙanena? Kuma zai kashe mana 'ya'ya?"

Allah ne shaidata, na san amsar tun ina bakin bas, don warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Muguwar iska ce da ke taruwa a duk rufaffen rami mai ruɓa, ko shadda ma tana yi, babu wata nukiliya. Na juya na gaya wa Baba tambayar. Ya yi mini magana a hankali da Turanci, ya ce in faɗa musu kwamiti ba zai iya cewa komai ba tukuna, ba zai ce akwai haɗari ba, ba zai ce babu ba, sai an gama gwaji an miƙa wa gwamnati rahoto. Ni kuma na buɗe baki na juya musu shi da Hausa tiryan-tiryan, har da ɗan ɗaga haɓa.

Wani a cikin taron ya ce to ai kun ji, sun sani suke ɓoyewa. Ban ga wanda ya fara jifa ba. Gilashin bas ya tarwatse, sannan duwatsu suka fara sauka ta ko'ina, da ƙasusuwa, da ƙahon sa. Direbanmu ya tsallake katanga, sauran masanan kowa ya yi ta kansa, fararen rigunan na harɗe musu ƙafa. Baba kuwa bai gudu ba, ya ɗaga hannu sama yana ta cewa sannu, sannu, don ita ce Hausar da ta zo bakinsa. Rabin bulo ya same shi a gefen kai, ya durƙusa, aka rufe shi da gora. Na ji ƙarar sandar a jikinsa, har yau ina jinta. Na faɗa kansa ina ihu cewa tsoho ne, malamina ne, wani ya sauke mini gora a hannu, na ji ƙashin ya karye. Aka yage rigata, aka ja ni a ƙasa cikin jini da ruwan kwata. Sai ga hayaƙi, an cinna wa bas wuta da tayoyin nan da muka zo raba su da su.

Wanda ya cece mu shi ne sarkin fawa, mutumin da na ƙi zuwa gaishewa. Ya shigo tsakiya yana dukan yaransa da hularsa, yana rantsuwa duk wanda ya sake ɗaga hannu ya bar masa kwata har abada. Wata mata mai sayar da hatsi, ƙawar mahaifiyata, ta cire zanenta na sama ta ɗaure wa Baba kai. A Keke Napep aka kai mu asibiti a Shika, kansa a kan cinyata, jini na ratso zanen. A hanya ya buɗe ido sau ɗaya, ya tambaye ni ko an hana mutane shiga ramin. Na ce masa eh, alhali ban sani ba. Bai sake magana ba, kuma bai fito daga asibitin da rai ba.

An yi kame, an tsare wasu, an rufe aikin, mahauta suka koma ƙona taya. Bayan watanni rahotonmu ya fito, kuma abin da ya ce game da ramin bai wuce abin da hancina ya gaya mini ran nan ba. Da hannuna ya warke na nemi yayan mamacin, na same shi ya rame bayan zaman da ya yi a tsare. Na zauna na yi masa bayani da Hausar gida, yadda iskar ke taruwa, yadda take kashe mutum ba rauni, da cewa ba ta bin kowa gida.

Ya ce, "Shi ke nan? To me ya hana ki faɗa mana haka ran nan?"

Ban yafe wa waɗanda suka doki tsoho ba, kuma ba na jin zan iya nan kusa. Amma ku masana da gwamnati ke turawa cikin jama'a, ku saurare ni. Dokar kwamiti tana da amfaninta a ofis, amma mutumin da ya binne ɗan'uwansa ba zai jira rahoto ba. Ku yi sallama kafin ku shiga unguwar mutane, ku gaida manyansu, ku cire takunkumi su ga fuskarku, kuma abin da kuka sani tabbas ku faɗe shi da harshen da suke ji. Ni dai har yau ban sake cin naman kwatar nan ba.