Winifred Sati, Mai Ruwan Inabin Bomo

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 2025, Ubangiji ya kira Yaya Winifred Sati gida bayan gajeruwar jinya a Samaru. Ni Lovelyn, ƙanwarki a zumuntar mata, har yau bakina bai saba da kiranki marigayiya ba.

Yaya, ba ki da masana'anta. Abin da kike da shi ɗaki ne guda a bayan gida a Bomo, da randuna, da kuringar inabin da kuka dasa ke da maigidanki Baba Sati. Daga wannan ɗaki ruwan inabin Jibin Ubangiji yake zuwa majami'unmu na Samaru da Sabon Gari shekara da shekaru. Majami'ar ƙauye da ba ta da hali kuwa, da ƙafarki kike kai mata kyauta.

An raina ki, ba zan ɓoye ba don kin mutu. Da aka buɗe wani babban kamfanin ruwan inabi a Chikaji, wasu dattawan ikilisiyarmu suka ce abin da aka haɗa a bayan gida ba zai kai na inji ba, a koma sayen mai tambari. Kika miƙe a taron, ba ki zagi kamfanin ba. Kika ce, "Babba yana iya yin mai kyau, ƙarami ma yana iya yin gurɓatacce. Ku ɗanɗana, sa'an nan ku yanke." Ba su ɗanɗana ba, suka yanke. Kika koma gida kika ci gaba da aikinki.

Shekarar da ruwan sama ya lalata 'ya'yan inabin, ina tsaye kika buɗe randunan kika ji sun yi tsami. Na ce mu ƙara sukari da kala, ba wanda zai gane. Kika dube ni kika ce, "Ƙanwata, a kan teburin wa za a ɗora shi?" Kika tuntsurar da su duka a kwata, wahalar shekara guda, hawaye na zuba miki. Kika bi majami'u ɗaya bayan ɗaya kina gaya musu bana babu. Wasu suka tafi ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo kuwa ba su sake tambayar girman ɗakinki ba.

Daga baya mutanen kamfanin da kansu suka zo har Bomo, suna so su manna sunanki a kwalabensu. Kika ba su kujera, kika ba su ruwa, kika ce ba za ki sa suna a kan abin da harshenki bai taɓa ba.

A wurin makoki na ji wani yana raɗa cewa ƙaramar sana'a tare da mai ita ake binne ta. To, ya zo Bomo ya gani. 'Yarki Marvellous ta datse rassan kuringa, ta wanke randuna, mu matan zumunta kuma muna bayanta. Ba za a rufe ƙofar nan ba.

Ubangiji ya yi miki jinƙai, Yaya, ya ba ki hutawa a wurinsa. Baba Sati, Marvellous da ɗan'uwanta Othniel, da dukan dangi, Allah ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye, ya ƙarfafa hannuwanku a kan aikin da ta bari. Amin.