Kiran Rana ta Talatin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Likita. A shagona labarin ya same ni, ina riƙe da agogon wani. Aka ce zuciya ce ta buga maka a bakin aiki, aka kwantar da kai a kan gadon da ka kwantar da ni kwana goma sha tara kafin nan.

Ni mai gyaran agogo ne, ban san komai a likitanci ba sai abin da ka nuna mini. An kawo ni ƙirji kamar an ɗora mini buhun siminti. Ɗakin nan naku mai sanyi, idona biyu, ina kallon jijiyoyin zuciyata a allo suna motsi. Ka zura siririn bututu ta wuyan hannuna, ka zuƙo gudan jinin da ya toshe hanya. Kana yi kana tsokanata: "Mai Agogo, yau kai ake buɗe wa baya."

Washegari ka zo da gudan a 'yar kwalba, baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ka ɗaga shi wajen taga, ka daɗe kana kallo, fara'arka ta ɗauke. Ka ce ba kowa kake zuƙe wa ba, sai in gudan ya yi girma, domin wani lokaci ɓurɓushi yakan kuɓuce ya haura kai, ɓarin jiki ya shanye. Ka ce: "Wannan gefensa a ɓalle yake. Ban san inda sauran ya shiga ba. Zan kira ka rana ta talatin."

Ashe haka kake yi wa kowa. Duk wanda ka zuƙe wa gudan jini yana da kati a aljihun rigarka, da lambarsa da ranar kira. Ma'aikatan jinya har Baban Kati suke ce maka, kana dariya. Wata tsohuwa a layin awo ta gaya mini shekara uku ke nan kana kiranta, har ka san sunan akuyarta.

Da ka rasu, wallahi na yi kuka, amma ba zan yi maka ƙarya ba, rabin kukan na kaina ne. Abincina a yatsuna yake. Mutum ɗaya ne a duniya ya san akwai abin da ya ɓace a jikina, shi kuma an rufe shi. Kullum ina zaune cikin agoguna arba'in suna ƙas-ƙas, ina sauraren jikina.

Rana ta talatin, bayan azahar, wayata ta yi ƙara. Na duba: Likita. Na tsaya ina kallon sunan. Sai da ta kusa katsewa na ɗauka.

"Malam, kada ka tsorata," in ji wata murya. "Maiɗakinsa ce. An maido mini rigarsa da katuna bakwai a aljihu. Naka ne na yau."

Ta karanto tambayoyinka yadda ka rubuta su. In yi murmushi a madubi. Na yi. In faɗi sunayen 'ya'yana. Na faɗa. In ajiye waya, in miƙe hannu biyu, in rufe ido, in ƙirga goma. Da na buɗe ido, na dama yana nan inda na bar shi. Na hagu ya sauka har kan tebur, ban ji saukarsa ba.

Na gaya mata. Ta ce: "Tashi yanzu ka tafi asibiti. Malam, a katinka kaɗai ya rubuta ‘hagu’, ya ja layi biyu a ƙasa."

Abokan aikinka sun ce da na ƙara awa biyu, da hannun ya tafi. Na tambaye su yadda aka yi ka san ɓangaren, suka dubi juna. Har yau ba wanda ya ba ni amsa, ni ma na daina tambaya.

Allah Ya jiƙan ka, Likita, Ya haskaka makwancinka, Ya sa kowane kati ya zama shaida a gare ka. Allah Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙuri, Ya saka mata da alheri, ita da ta kira mu bakwai tana cikin hawaye. Hannun da ya danne wannan takarda ina rubutu, na hagu ne.